Na koma gidan abincin Baturken nan: gashin nama na nan, baklawa ce ta canza

Toh masu cewa an rufe gidan abincin Baturken nan, ba a rufe ba fa, yana nan daram inda kuka san shi, kawai dai tunda aka yi aikin faɗaɗa titunan Kaduna aka cinye musu filin gaba shi ya sa in kana gudu a mota sai ka wuce baka lura ba, allon ma yanzu a jikin katanga yake maimakon bakin titi. Sunan wajen ba zan kama ba, don maganata akwai yabo akwai kuma ƙorafi, bana son a ce ni na ɓata wa wani kasuwa. Ga wanda ba shi da lokacin dogon zance kuwa, duk abinda ya bi ta kan garwashi ko ya fito daga tanda ku ci hankali kwance, wasu ma sun fi da daɗi, amma duk abinda sai an ɗauko kayan haɗinsa a jirgi daga Turkiyya toh ku yi tambaya kafin ku yi oda.

Ni wajen nan tun kafin korona nake zuwa, lokacin ina ɗan zuwa Istanbul sarin abaya da mayafai a Laleli da Fatih, in na dawo bakina ya dinga neman abincin can toh nan nake zuwa na kashe kwaɗayi. Sai aka yi kullen 2020, kun dai tuna irin kullen da Kaduna ta sha har mutum ya manta ranakun sati, daga nan ƙafata ta ɗauke. Ana cikin farfaɗowa kuma sai ga cire tallafin mai a 2023 da sakin naira, dalar da muke saye ɗari huɗu da wani abu a banki ta zo ta haura 1,500, ni kaina Istanbul ɗin ta gagare ni balle a yi zancen abincin marmari. Shi ya sa na daɗe sosai ban leƙa ba, sai satin da ya wuce maigida yace a fita a sha iska, nace toh ni ga inda nake so, muka biya Malali muka ɗauki Yaya don ita bata taɓa cin abincin Turkawa ba duk da ba ta da aiki sai kallon finafinansu masu dogon zango.

Da can in ka shiga rabin teburan Turkawa ne, yawanci malaman makarantarsu ta nan garin, wadda muka sani da Nigerian Turkish kafin a mayar da ita Nigerian Tulip bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi a Turkiyya a 2016. Yanzu kam mu ne dai, Hausa kawai ke tashi ta ko ina, ga 'yan mata da samari ana ta ɗaukar hoto, ga wasu alhazai a lungu da alama maganar fili suke don naji ana ta ambaton Millennium City. Bayan Magariba muka isa. Fitilun nan masu gilashi kala-kala na nan a rataye, kujerun dai sun ji jiki, esi biyu ne ɗaya ke aiki, amma wajen tsaf yake ba ƙuda ba ƙarni, wannan na yaba.

Muna zama aka kawo burodin nan mai kumburi da zafinsa, an barbaɗa masa riɗi da habbatussauda, in ka fasa shi tururi ya fito. Wannan har gobe kyauta ne. Abinda ya ragu ƙananan farantan da ke rako shi, da sai a cika maka tebur kafin abincinka ya iso, yanzu biyu ne kacal, ezme wato tumatir da albasa da barkono da aka yanka ƙanana-ƙanana, sai yogot mai kokwamba da tafarnuwa. Ban yi mita ba don na san kuɗin kwandon tumatir a Bakin Dogo. Muka karɓi miyar adas guda biyu, wadda suke kira marjimek, jan adas ne ake dafawa har ya narke a markaɗe, a zuba ɗan man shanu da jan barkono a kai, kai kuma ka matsa lemon tsami. Ta ɗan fi da ruwa kaɗan amma ɗanɗanon na nan, Yaya ma da ta fara da yatsine fuska wai ita ba ta shan miya ba tuwo sai gata tana dangwala burodi har ta ga ƙasan kwano.

Sai babban dalilin zuwana, Adana kebab. Bari na ɗan tsaya a nan don mutane da yawa suna ɗauka niƙaƙƙen nama ne kawai aka manna a tsinke, ba haka bane. A can garin Adana da ke kudancin Turkiyya ba a sa naman a inji, da wata ƙatuwar wuƙa mai lanƙwasa ake sara shi da hannu har ya yi laushi, naman rago ne da kitsen wutsiya, sai gishiri da jan barkono, shikenan, ba ƙwai ba garin burodi ba tarkacen kayan ƙamshi. Tsinken kuma ba siriri bane, faffaɗan ƙarfe ne, a matse naman a jikinsa da yatsu har shatin yatsun ya fito, a ɗora kan garwashin da ya gama ci ba harshen wuta, kitsen na narkewa mai gashin na danna burodi a kai yana shanye man, wannan burodin shi ake shimfiɗa maka a ƙasan naman. In inji ya niƙa naman za ka gane tun a cizon farko, yana dunƙulewa ya yi tauri, na wuƙa kuwa wargajewa yake a baki da romonsa.

Matsalar da kowa zai fuskanta a nan ita ce wutsiyar. Tumakin can jibgegiyar wutsiya gare su cike da kitse, namu kuwa ko Yankasa ko Uda ko Balami duk siririyar wutsiya ce, ba abinda za ka samu a ciki. Da can na tuna Adanar wajen nan takan ɗan bushe saboda haka, mu dai muna ci ne don babu wata. Toh wannan karon da na kai baki sai da na ajiye cokali na kalli maigida, nace Abban yara ɗanɗana ka ji, wallahi romo har yana bin hannu, ga ƙamshin hayaƙi daidai ba ƙauri, ga yajin na zuwa a hankali daga baya. Ban taɓa cin irinta a wajen ba ko a zamanin da mai gidan da kansa ke tsaye a bakin wuta.

Na kasa haƙuri na tashi na leƙa wajen gashin don a buɗe yake kana gani daga tebur, sai na ga ashe yaron nan ne ɗan Tudun Wada da na sani yana kwashe faranti da goge tebur, ya zama babban mutum har da gemu, shi ne riƙe da wuƙar. Yana ganina ya washe baki yace "Laa Hajiya, kece? Ai mun ɗauka kin bar garin." Nace "Ina nan ƙanena, tsadar rayuwa ce ta ɓoye ni, kai ne ka koma nan?" Yace ai tun girgizar ƙasar nan Baba ya tafi gida ya daɗe bai dawo ba, su ya bar wa wajen, dole ya kama wuta. Baba shi ne mai gidan, haka duk ma'aikatan ke kiransa, mutumin yankin Hatay ne, kuma duk wanda ya bi labarin girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ya san Hatay na cikin inda abin ya fi muni, mutum sama da dubu 50 suka rasu a Turkiyya kaɗai, Allah Ya jiƙan musulmi. Na tambaye shi sirrin romon nan, ya ɗan yi dariya yace "Hajiya tozo ne." Wai da kansa yake sammako Zango ya zaɓi rago, sannan ya sayi tozon saniya ya sara kaɗan a ciki tare da kitsen ragon, yace da Baba ya dawo ya ɗanɗana shiru ya yi, can yace a ci gaba da yi haka. Na san in ɗan Adana na asali ya ji an sa saniya a kebab ɗinsu sai ya yi faɗa, don su a wajensu abin kamar doka ne, amma ni da bakina na ci na can na ci na nan, kuma ba zan ji kunyar cewa wannan ta kama ƙafar ta can ba.

Maigida shi Iskandar ya ce a kawo masa. Wannan abincin garin Bursa ne, sunan wanda ya fara shi a ƙarni na 19 ya ci, Iskandar Efendi. Naman dona ne, irin wanda ake jerawa a tsayayyen ƙarfe yana juyawa gaban wuta ana yanko gefen da ya gasu, amma kar ku kawo shawarmar bakin titi a ranku da kabeji da mayonis da sosej, nan falle-falle ake yanko naman sirara a shimfiɗa kan gutsattsarin burodi, a kwarara miyar tumatir, yogot a gefe, sai weta ya zo da ɗan kasko man shanu na tafasa ya juye a kai a gabanka yana ƙara. Man shanun namu ne na Fulani da aka soya, kuma gaskiya ya fi bota ɗin kanti da suke sawa a da ƙamshi nesa ba kusa ba, duk wajen sai da ya ɗauka. Yogot ɗin ma wetan yace su suke kwantar da abinsu da madarar da ake kawo musu daga rugage ta wajen Kachia, mai kauri ne cokali na tsayawa, tsaminsa kaɗan. Inda zan rage musu maki naman ya yi kaɗan burodin ya yi yawa, maigida sai da ya dinga tono yana neman nama a ƙarshe, yace da dai an ƙara kuɗin an bar naman yadda yake. Nace Abban yara ai an ƙara kuɗin kuma an rage naman, duka biyun aka yi.

Yaya na zaɓar mata lahmajun don na san shi ba ya ba mutum tsoro. Fallen ƙullu ne siriri sosai, a shafe shi da nama da tumatir da tattasai da albasa a jefa a tanda mai zafi, mintuna kaɗan ya fito gefensa na ƙaras-ƙaras tsakiyar da laushi. Ba a yanka shi da wuƙa, ganyen fasli ake zubawa da albasa a matsa lemon tsami a naɗe a kama da hannu. Ta cinye ɗaya tace a ƙaro, sannan ta sunkuyo tace "Ke ba su da yaji ne a gidan nan?" kafin na yi magana wetan ya ji, yace "Akwai Anti," sai ga shi da ɗan kwano na yajin ƙuli sosai irin na masu tsire. Na yi dariya har da hawaye, da can in ka tambayi yaji busasshen jan barkonon Turkawa ake miƙo maka mai ɗan maiƙo wanda ba ya ko motsa harshen Bahaushe, yanzu sun gane garin da suke. Shi ma barkonon yana nan a tebur amma rabin kwalba, kuma in ka lura an haɗa shi da namu.

Ayran kuwa Yaya kurɓa ɗaya ta yi ta ture, tace wane irin nono ne da gishiri, a kawo mata suga. Nace Yaya don Allah kar ki ba da mu, haka ake shan shi, yogot ne da ruwa da gishiri a kaɗa har ya yi kumfa, aikinsa ya wanke maiƙon naman daga baki. Bata saurare ni ba ta sa aka kawo sugan ta zuba cokali biyu kan gishirin ta shanye abinta. Ni nawa ya yi min daidai, da sanyinsa da kumfarsa, a kofin ƙarfen nan nasu.

Shinkafar ba abin faɗa, fara ce da 'yar taliya soyayya a ciki, ta ɗan kwana a tukunya. Salak ɗin albasa da ke zuwa da kebab ya kamata ya yi jaja-jaja da sumak, garin nan mai tsami, nan sai ka ƙura ido kafin ka ga ɗigonsa. Na wuce wannan.

Inda raina ya ɓaci baklawa ce, abin zaƙin nan nasu da ake ci bayan abinci. Duk wanda ya san ni ya san saboda ita nake ƙin cika cikina, kuma a menu rubuce yake ɓaro-ɓaro baklawa mai fistashiyo, wata 'yar ƙwaya koriya mai kama da gyaɗa, har da hoto kore shar. Aka kawo yanka huɗu, sama an barbaɗa koren gari gwanin sha'awa, na kai baki sai naji gyaɗa. Gyaɗa fa, soyayya, da ɗan kashu a ciki, fistashiyon iyakarsa wannan barbaɗen na sama. Jama'a baklawar kirki ba wasa bace, garin Gaziantep da ita ake saninsa a duniya har Tarayyar Turai ta yi mata rajista da sunan garin a 2013, ita ce ma kayan Turkiyya na farko da ya samu wannan, kuma duk martabarta a abu uku take, fallayen ƙullu da ake murzawa har kana hango hannunka ta ciki, tataccen man shanu, da fistashiyon da ake cirewa tun bai gama nuna ba don korensa da ƙamshinsa. In ka ciza ta gaske wani ɗan sauti take yi fallayen na karyewa, ruwan sugan kuma baya hawa kai. Tsakani da Allah fallayen nasu sun yi kyau, sun yi ƙaras, man ma ba laifi, da ace an ce min baklawar gyaɗa ce zan ci na ce madalla, ƙila ma na saya na kai wa yara. Amma ka rubuta min abu ɗaya ka kawo min wani, ka shafa masa kore a sama don kar na gane, wannan kam algus ne ko a kasuwar Barci aka yi shi.

Na sa aka kira manaja, wani matashi ne ban san shi ba, da ladabinsa. Nace "Malam wannan fistashiyo ne?" ya ɗan sosa ƙeya yace "Hajiya haɗi ne." Nace haɗin da kashi nawa, ya yi shiru, can yace wallahi in suka cika ta da fistashiyo zalla yanka huɗun nan ba mai iya saye a Kaduna, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Nace na yarda, ni ma 'yar kasuwa ce, abayar da nake sarowa na san yadda ta koma, amma ban taɓa ɗinka ta a Kano na ce wa kwastoma daga Laleli take ba, ku gyara rubutun kawai ku sa gyaɗa da kashu, wanda ke son ta asali ku ce ya yi oda tun jiya ya biya kuɗinta. Yace in sha Allahu zai gaya wa Baba. Bai cire ta daga bil ba, ni ma ban roƙa ba tunda Yaya ta riga ta cinye uku tana cewa ita fa bata ga aibunta ba.

Kunefe ma kusan hakan ne sai dai ita ba yaudara a ciki, wetan tun kafin ya rubuta yace cukun ba na can bane. Abincin garinsu Baba ne ma, Hatay, siraran zaren ƙullu ake shimfiɗawa sama da ƙasa da cuku marar gishiri a tsakiya, a gasa a ɗan faranti na ƙarfe har ta yi ja, a zuba ruwan suga a ci da zafi cukun na jawuwa. Mozarela suke sawa yanzu, tana jawuwa kam har ta fi, amma gishirinta na fitowa yana faɗa da sugan, kuma minti biyar in ta huce ta zama roba. In za ku ci ku ci da sauri, kuma mutum uku faranti ɗaya ya ishe ku.

Muna cikin haka sai ga Baba da kansa ya fito daga ciki, Allah sarki ya tsufa ya rame, gashin duk ya yi fari, amma bai manta ni ba, ya dafa ƙirji yace "Hajiya sannu, kwana biyu," da Hausarsa ta koyo. Shi ya sa aka kawo mana shayi. Toh shayin nan dai bai canza ba ko kaɗan, na Rize ne daga gaɓar Baƙin Teku inda kusan duk shayin Turkiyya ke fitowa, yace duk wanda zai zo daga gida sai ya cusa masa fakiti a akwati tunda ba shi da nauyi. A buta mai hawa biyu ake dafa shi, ganyen a sama ruwan zafi a ƙasa, a tsiyaya mai kaurin a sirka da ruwa yadda kake so, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ba madara, ja wur kana hango haske ta ciki. Turkawa su ne kan gaba a duniya wajen shan shayi in aka raba da yawan jama'a, kuma in ka zauna da su za ka yarda, kofi na ƙarewa wani na zuwa. Ban yi masa zancen baklawa ba don na ga manajan na ta satar kallona, shi da kansa ya ɗauko zancen tsada, yace shi wuta biyu ke cinsa, can lira ta lalace nan naira ta lalace. Kuma gaskiyarsa ne, hauhawar farashi a Turkiyya sai da ta kai kashi 85 cikin ɗari a ƙarshen 2022, wato kayan tun a can sun yi tsada kafin ka zo ka saye su da dalar da ta ninka sau uku a nan, ga kuɗin jirgi ga na kwastan. Na tausaya masa sosai. Amma dai tausayi daban, rubutun menu daban.

Ta ɓangaren hidima, yaran na da fara'a da ladabi sai dai sun yi kaɗan, mutum biyu ke zagaya duk teburan, daga oda zuwa isowar nama mun fi rabin awa, kuma Iskandar ya riga Adana isowa da tazara har maigida ya kusa gamawa ni ina kallo. An ɗauke wuta sau ɗaya, janareto ya karɓa ba jimawa amma ƙararsa na shigowa sosai in kana teburan baya. Akwai wajen sallah ɗan ƙarami mai tsafta da labule ta ɓangaren mata, da hijabai a rataye, wannan da babu shi sai dai a shimfiɗa maka darduma a lungu. Banɗakin mata ruwa na zuwa, sabulu ne babu. Turaren lemon nan da suke zuba wa mutum a hannu in zai fita an daina, tishu mai laima ake bayarwa, Yaya tace gara haka don ita dama an ce mata akwai sinadarin giya a ciki.

Kuɗi kuma toh ku riƙe zuciya. Adana dubu 13, Iskandar dubu 16, lahmajun dubu 4 da ɗari biyar kowane ɗaya, miyar adas dubu 4, ayran dubu 2, baklawar gyaɗar nan dubu 7, kunefe dubu 8, da aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 muka tashi a dubu 72 da 'yan kai mu uku. Maigida ya kalli risit ya kalle ni yace kin san wannan ya haura mafi ƙarancin albashi ko, dubu 70 ɗin da aka sa hannu a 2024, nace na sani Abban yara Allah Ya ƙara buɗi, Yaya tace amin tana kallon silin. POS ɗinsu ya ƙi, netwok, sai tiransifa aka yi muka tsaya jiran alat a bakin kanta. In da za a cire kayan zaƙin nan biyu da ban ji daɗinsu ba dubu 15 ta dawo aljihu, kuma da an tashi a ƙoshe ɗin dai, don haka mutum biyu in suka ɗauki Adana ɗaya da lahmajun biyu da miya da ayran, ga burodin kyauta ga shayi, za su fita da abinda bai kai dubu 40 ba.

Wanda zai je ya je tsakanin Magariba da Isha'i a ranar aiki, don yaron gashin yace donar ba ta kai ƙarfe tara take ƙarewa, kuma in ta ƙare ba Iskandar kenan, Asabar da Lahadi kuwa sai ka yi jiran tebur. Fakin ya zama wahala tunda filin ya tafi, mota huɗu ke shiga ciki sauran sai layin baya, akwai mai gadi yana dubawa a ba shi na goro. Kar ku sa a ƙunshe muku lahmajun ku tafi da shi gida, na gwada wa yara kafin mu haye gadar Kawo ya yi laushi ya manne da takarda, Adana ce ke jure tafiya in an naɗe ta da burodinta. In kuma kuna son yajin ƙuli sai kun tambaya, ba sa ajiye shi a tebur saboda Baba.